Inda Muryata Ta Kai

Hinterried, farkon watan Mayu

Salome,

Shekara arba'in da 'yan kai ke nan ina jiran wani daga gidanku ya ba ni amsar tambaya guda, har yau shiru, don haka kada ki zaci daɗin zumunci ne ya sa na ɗauki alƙalami. Amma gaisuwa ba ta da laifi. Ina gaishe ki, ina gaida uwarki. Kakanki Melk wana ne, ciki ɗaya, in yana so ya tsinci rabonsa a cikin gaisuwar ban hana shi ba. Ni ne Remigi na kan dutse, wanda kika ce gemunsa na warin cuku ranar da muka binne Agatha. Kina ƙarama lokacin, amma ban manta ba.

Lafiyata lau in ban da gwiwa. Shanu sun fita hunturu da ƙibarsu, ƙanƙara ta fara sakin makiyayar Rotwang can kan dutse, in Allah ya yarda tsakiyar Yuni mu hau.

Ga abin da ya kawo ni. Na je aski, mai askin ya zo ɗaura mini ƙyalle a wuya sai ya tsaya, ya ce, "Remigi, ƙwai ka haɗiye ya ƙi wucewa?" Na ce ya yi aikinsa. Amma da na dawo gida na taɓa, na ji shi, kamar ƙwan tantabara, gefen dama. Likitan gari ya tura ni babban asibiti. Suka shafa mini abu mai sanyi da yauƙi, suka yi ta goga ƙarfe suna kallon allo, suka tsira allura suka ɗebi ɗan nama. Wai ƙari ne a halittar nan ta gaban maƙogwaro, inda maƙoƙo ke fitowa, kuma ba su yarda da kamanninsa ba. A cire.

Wani yaron likita mai ƙamshin turare ya zaunar da ni yana ta murna. Wai yanzu ba a yanka wuya kamar da, ɗan tsagi za su yi, su zura kyamara su yi aikin daga ciki, tabon ma sai an nema. Tabo, tabo, tabo. Na ce, "Likita, shekarata saba'in da shida, gemuna ya sauko ƙirji, wace ce za ta leƙa wuyana? Muryata nake tambaya." Ya ce, "A'a, baba, za ka yi magana lafiya lau."

Haka suka ce wa Agatha.

Ke 'yar birni ce, bari in tuna miki. Kowace yamma a Rotwang, in an gama tatsa, nakan ɗauki mazurarin madara na katako in kara a baki, in kira sunan Ubangiji da na waliyyai a kan shanu da mutane da ciyawa. Iyakar inda murya ta kai, nan tsari ya kai har wayewar gari. Haka ubanmu ya yi, haka nasa uban. Ita kuwa Agatha tana gida a kwari da aikin harawa, in ta ji na sauke, sai ta fito bakin ƙofa ta amsa da guɗa ɗaya, siririya, doguwa, ta haura dutsen nan ta same ni. Da ita nake sanin kirana ya sauka har ƙasa.

Sai kakanki ya zo da motarsa, ina kan dutse, ya ɗauke ta ya kai ta birni aka yanke mata maƙoƙo. Ta dawo da tabo daga nan zuwa nan kamar an yi niyyar cire kan. Magana tana yi, ba shakka. Amma guɗar ta tafi. Ta buɗe baki, sai iska. A coci ma ta daina waƙa. Na je asibitin da ƙafata, suka ce aiki ya yi kyau, ba ga ta tana magana ba? Na tambayi Melk me suka cire mata, ya sunkuyar da kai ya shiga mota. Daga ranar farin zanen gado take shanyawa a baranda in ta ji kirana, har ta koma ga Allah.

An ce ke ce ke miƙa wa masu yanka wuƙaƙe a asibitin Basel. To, ki gaya mini da baƙar magana, ba irin tasu ba: me suka cire wa matata, kuma wannan kyamarar tasu za ta bar mini kirana ko kuwa?

Kakanki na dutse,
Remigi

*

Basel, tsakiyar Mayu

Kaka Remigi,

Na ga takardarka, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa ban ko cire takalmi ba. Mama na gaishe ka. Muna lafiya. Maganar gemu kuwa, ina kan bakana har sai na zo na sake shinshinawa.

Ka ce baƙar magana, to ga ta.

A kowane gefen wuya akwai jijiyoyi biyu masu hidimar murya. Ta ƙasa ita ce ta magana, in aka ji mata rauni murya takan dushe, kowa ya ji. Ta sama kuwa siririya ce kamar zaren ɗinki, aikinta ta ɗaure igiyar murya ta yi tauri in mutum zai ɗaga sauti ko ya kira na nesa. In ita ta taɓu, mutum zai yi hira, ya yi ciniki, ya yi faɗa, ba wanda zai lura, sai ranar da ya zo yin waƙa ko kira. Ba na ɗakin da aka yi wa Kaka Agatha aiki, ba a ma haife ni ba, ba zan rantse ba. Amma yadda ka kwatanta, ita ce. A zamanin nan maƙoƙo kan yi girma ya tura komai gefe, ga jini, ga ido tsirara, da yawa ba sa ma neman wannan zaren. Ba ƙarya suka yi maka da suka ce tana magana ba. Abin da kai kake tambaya ne ba su ji ba.

Aikin yanzu ina tsaye a kansa kusan kowane mako. Tsagin bai kai tsawon gaɓar babban yatsanka ba, a gindin wuya. Ana zura wani ƙarfe mai kaurin fensir, da fitila da kyamara a bakinsa. Abin da ke ciki sai ya fito a allo ya ninka girmansa sau da yawa, zaren nan ya koma kamar igiyar ɗaure maraƙi, a gan shi a kauce masa. Akwai kuma na'urar da ake taɓa jijiya da ita, in tana raye ta yi ƙara. Yaron likitanku tabo ya ɗauke masa hankali don shi mutane suka fi tambaya. Ni a wurina amfanin kyamarar shi ne gani.

Amma abu biyu, ka karanta su da tabarau. Na ɗaya, wannan hanya sai ƙari yana ƙarami. In ya wuce ƙofar da za a fito da shi, dole a koma babban yanka. Naka yana kusa da iyaka, bai kamata ya jira har lokacin kaka ba. Na biyu, babu likitan kirki da zai rantse maka cewa kiranka zai fito yadda ya shiga. Wanda ya rantse, ka tashi ka bar masa ɗakin.

Akwai wata likita a nan, Madam Aregger, hannunta na da sanyi, kuma tana sauraron mutum har ya gama. Ka zo kafin ku hau. Akwai gado a ɗakina.

Jikarka,
Salome

*

Rotwang, ƙarshen Yuni

Salome,

Gaisuwa. Mun hau lafiya, sai karsana ɗaya da ta gurɗe ƙafa a mashigin rafi, ta warke. Ciyawa ta yi kyau bana. Ni ma ga ni.

Na sa tabarau kamar yadda kika ce. Kin rubuta da hannunki cewa ba mai rantse mini. To magana ta ƙare. Ni ban taɓa sayar da saniya ban tsaya a bayan maganata ba. Mutum zai sa wuƙa a wuyana, ya ce wataƙila? Wataƙila tasa ce, wuya nawa.

Kuma wai in zo kafin mu hau. Wa zai yi kiran? Wisi mai keken waya, keken nan da ke tafiya rataye a igiyar ƙarfe, wanda ke hawo mana da gishiri da burodi ya sauka da cuku? Na gwada shi wata shekara da mura ta kama ni. Ya kara mazurari ya buɗe baki, karnuka suka shige ƙarƙashin benci. Ya ce, "Ai Ubangiji ba kurma ba ne, ko da raɗa ma yana ji." Na ce, "Ubangiji na ji, shanun da ke bayan Dutsen Gaggafa fa?" Ba a bar Rotwang dare ɗaya ba kira ba tun ina yaro, ba a kaina za a fara ba.

Maganar zaren nan. Na karanta wurin har takardar ta yi laushi. Na zauna a kan kujerar tatsa ina jujjuya zaren da nake ɗinke buhu da shi, ina cewa ashe wannan ne. Ashe abin da ya raba ni da muryar Agatha bai fi wannan ba. Layi huɗu kika yi kika faɗe shi. Layi huɗu! Su masu farar riga ba su da layi huɗu? Kakanki da ya yi boko har ya samu kujera a kamfanin magani, ba shi da layi huɗu da zai ba ƙaninsa? Ya zo kamar ɓarawon akuya, ya jira na hau dutse, ya ɗauke mini mata lafiyayya ya dawo mini da rabi. Maƙoƙo wane gida ne babu shi a kwarin nan a da? Uwarmu da nata ta shiga kabari, ta haura tamanin. Shi dai kunya yake ji a ce matar ƙaninsa na da wuyan ƙauye in ta je birni. Ki gaya masa ni na ce.

Yanzu kuma ga jikarsa da sabuwar mota, wai kyamara. Na gode da gadon. Ki ba wani.

Remigi

*

Rotwang, ƙarshen Yuli

Salome,

Ina gaisuwa. Ko kina lafiya? Keken waya ya hawo ya sauka ban san iyaka ba, kowane zuwa sai na zazzage buhun burodi, ba takarda. Wisi ya ce, "Tsoho, budurwa ka yi a birni ne?" Na ce ya kula da igiyarsa.

Halin gidanku ne dama. A yi wa mutum magana rabi a shiga mota.

Ba ƙorafi nake ba, labari nake ba ki: maɓallin wuyan rigata ta Lahadi ya daina shiga. Wataƙila rigar ce ta tsuke a wanki. Ɓawon burodi kuma sai na tsoma a kofi. Kira dai yana fita, sai dai wajen ƙarshe, inda ake ja da tsawo, nakan ji kamar an ɗora mini yatsa a wurin.

In abin da na faɗa a kan Melk ne ya ɓata miki, ba zan janye ba, amma ba da ke nake ba.

Remigi

*

Basel, tsakiyar Agusta

Kaka,

Ina lafiya, Mama ma. Na yi shiru ne saboda abu biyu. Na ji haushinka, wannan gaskiya ne. Sannan Kaka Melk ya faɗi a banɗaki ya karya ƙugu, muna ta asibiti, yanzu an mai da shi gidan kula da tsofaffi. Ba zai ƙara hawa bene ba.

Ka ce in gaya masa, na gaya masa. Na karanta masa takardarka duka, har da ɓarawon akuya. Ya yi dariya har sai da ƙugun ya tuna masa. Daga nan ya ce in ɗauko biro. Ga maganarsa yadda ta fito:

"Ki ce wa wannan taurin kan, ban je ɗaukar Agatha ba, ita ta kira ni daga wayar gidan Fadan coci. Rabin shekara ba ta kwanta ba, a zaune take barci a kujerar kicin, in ta miƙe abin ya danne mata numfashi. Shi yana barci kamar gungume, in ya farka ta riga ta hura wuta. Ta ce in ta gaya masa zai ce a bari a sauko daga dutse, in an sauko ya ce a bari a gama haihuwar shanu. Ƙarya ta yi masa? Amsa kuwa, me zan ce masa? Ni ma na tambayi likitan, ya dube ni kamar na taka masa kafet da takalmin gona. Na sa ta a mota tana waƙa, na dawo da ita shiru. Wanne baki gare ni?"

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Yanzu tawa. Ka ɗauki layi ɗaya a takardata ka rataya a wuya kamar ƙararrawar saniya, ka bar sauran. Na ce ba mai rantse maka in an yi aikin. To wa ya rantse maka in ba a yi ba? Jijiyoyin nan a jikin ƙarin suke kwance. Yatsan da kake ji an ɗora maka, shi ne. In ya ci gaba, ba wuƙa ce za ta ɗauke maka kira ba, shi zai ɗauke, kuma ba zai tsaya a kira ba. Kana gadin ƙofar gaba, kura na cikin garke.

Na san ba za ka sauko kafin shanu ba, na daina ɓata yawuna. Na roƙi Madam Aregger ta ajiye maka wuri a makon da ke bin saukowarku. Za ta sake aunawa. In ya wuce iyaka, babban yanka ne, kada ka ce ban faɗa ba. Zan zo da kaina in ɗauke ka, da rana tsaka, kowa na gani, don kada a ce jikar ɓarawo ta gaji sana'a.

Rigar kuma ba ta tsuke ba.

Salome

*

Hinterried, ƙarshen Oktoba

Salome,

Gaisuwa mai yawa, ke da uwarki. Na iso lafiya, jirgin ƙasa bai ɓatar da ni ba duk da tsoronki. Shanu na turke, Wisi bai kashe ko ɗaya ba.

Kin tafi aikinki ranar da likitar ta zo sallamata, bari in ba ki abin da kika rasa. Ta ce da na ƙara wata guda da ba ta iya fito da shi ta ƙaramar ƙofa ba, da ƙyar ya wuce, kamar ɗan maraƙi mai babban kai. Rabin halittar ta cire, ta bar mini rabi. Abin da suka gani a ciki mugun ne, amma irin mai tafiyar hawainiya, kuma ya fito duka da rigarsa. Za a riƙa dubawa.

Na ce, "Madam, wannan na ji. Zaren fa?" Ba ta ce za ka yi magana lafiya ba. Ta jawo kujera, ta buɗe allo ta nuna mini cikin wuyana. Ja, da jiƙe, kamar cikin zomo in an feɗe. Ta sa bakin biro ta ce, "Ga shi." Na gan shi, Salome. Fari, kwance a gicciye, ƙarin ya tura shi ya lanƙwashe. Ta ce, "Na gan shi, na ɗaga shi gefe, na taɓa shi da na'ura ya amsa, ban yanke ba. Amma ya sha ja, jijiya kuwa tana da fushi. Sai ta huce." Na ce yaushe? Ta ce, "Ban sani ba, Malam Remigi." Shekara arba'in ban taɓa jin mai farar riga ya ce bai sani ba. Na kusa ba ta cuku guda.

Tabon kuwa, yaron nan mai turare ya yi gaskiya, ya shige cikin tamojin wuya. Wisi ya ɗaga gemuna ya duba ya duba, ya ce, "Kai dai yawon birni ka je, ba abin da aka yi maka." Matan coci ma ba su yarda ba. Agatha ta sha kallo saboda nata, ni ina shan musu saboda rashin nawa.

Magana ina yi. An hana ni ihu har sai an ba ni izini. Sun haɗa ni da wata malamar murya a garin ƙasa, ta ba ni robar tsotso da kwalbar ruwa, wai in riƙa hurawa ina gunji ruwa na tafasa. Da tsufana! Wisi ya shigo ya same ni a kai, sai da ya riƙe ƙofa don dariya, ya ce, "In kawo maka bulumboti?" Ina yi dai, safe da yamma, in na rufe taga.

Zuwan da kika kai ni wurin Melk, kada ki ɗauka shiri ne. Ya ce gemuna ya yi fari, na ce haƙoransa ba nasa ba ne, muka sha kofi mara daɗi. Maganar kujerar kicin kuwa, na san tana zama a kai. Ce mini ta yi bayanta ke ciwo. Mutum ya yarda da matarsa, laifi ne? Na aika masa cuku ta gidan waya, na tsohuwar ajiya, mai tauri. Ya gwada haƙoran kamfani.

Remigi

*

Rotwang, farkon Yuli

Salome,

Ina gaishe ki. Na ji an ce Melk ya fara takawa da sanda, madalla. Gwajin jinina ya fito da kyau, wuya ba komai. Mun hau lafiya, ruwa ya yi yawa bana.

Ban rubuto tun hunturu ba don ina jira in ga abin da zan rubuta.

Daren farko na ɗauki mazurari na tsaya inda na saba, kan dutsen da ke gaban bukka. Na kara shi a baki. Na fara. Farkon ya fito, sunan Ubangiji ya fito cikakke. Da na zo wurin da ake hawa sama a ja, sai muryar ta tsaya a wani mataki kamar saniyar da ta ƙi gada. Na tura, ta haye, amma siririya. Na gama dai har amin.

To ga damuwar. Ban san inda ta kai ba. Mai kira ba ya jin kansa daga nesa, a cikin ƙashin kansa yake ji, kullum da ƙarfi. Shanun kusa sun ɗaga kai. Na bayan Dutsen Gaggafa ba na ganinsu daga nan. Wisi yana sauka kafin magariba, kuma kunnensa ɗaya injin keke ya cinye. Na buga wa likitar waya daga ƙasa, ta ce yana iya ƙaruwa har shekara ta zagayo, yana iya tsayawa nan, mu jira mu gani. Ba ta yi ƙarya ba, amma shanu ba sa kwana a cikin mu jira mu gani.

Sai na tuge shingen waya na jawo shi ciki, na dawo da karsanu gaban dutse, iyakar inda na tabbata. Ciyawar baya, wadda ta fi kowace daɗi, tana can tana tsufa a banza. Masu shanun sun fara magana. Ɗaya ya hawo ya ce, "Remigi, kiwo muka ba ka ko tsare? Ka saya lasifika mana." Na ce ranar da aka ɗaura wa Fada lasifika ya yi baftisma daga gida, ya zo mu yi magana. Amma ciyawar gaba ba za ta kai mu Agusta ba, wannan na sani. Ko in buɗe shingen, ko in sauka in ba wani mazurarin.

Akwai kuma abin da ya faɗo mini ina zaune ina kallon barandar gida can ƙasa, ƙanƙanuwa kamar akwatin ashana. Shekarun Agatha na ƙarshe kunnenta ya yi nauyi. A teburi sai na maimaita magana, ƙararrawar coci ma sai ta tambaya ko an buga. Amma ko sau ɗaya farin zanen bai fasa fitowa ba. Ina saukewa, yana fitowa. To me take ji? Ko agogon bango take kallo? In haka ne, tun yaushe? Wataƙila muryata ta daɗe da daina sauka kwari, tun kafin ƙari, tun kafin kyamara, matar nan tana shanya mini zane don kada in sani. Wataƙila kuma tana ji, don akwai abin da ba da kunne ake jinsa ba. Ita kaɗai ta sani, ta tafi da shi. Ban ce ta yi laifi ba. Amma ta bar ni da shinge a hannu ban san inda zan kafa ba.

Kun iya zura fitila cikin wuyan mutum ku ga zare. Na yarda, na gani da idona, ki gaya wa Madam Aregger na ce hannunta ya yi albarka. Amma ba na'urar da za ta gaya mini wannan. Sai mutum mai kunne biyu da ƙafa biyu.

Don haka ki ɗauki hutu. Kada ki ce aiki, asibitin ba zai rushe ba. Ki zo da takalmin kirki, ba irin na bara ba. Wisi zai hawo da ke. Da la'asar ki bi hanyar rafi ki zaga bayan Dutsen Gaggafa, har wurin gicciyen ƙarfe inda makiyayarmu ta ƙare, ki tsaya nan. In an gama tatsa zan kira. In ba ki ji komai ba, ki tako gaba, ki yi ta takowa har inda kika fara ji, ki kafa sanda a wurin, nan zan sa shinge, ba zan yi musu ba. Kada ki ji tausayina. Kada ki kalli agogo. Kada ki ɗaga mini ƙyalle, na ga ƙyalle ya ishe ni.

In kuwa kin ji ni daga gicciyen, ki buɗe baki. Ban damu ko muryarki irin ta Wisi ce ba. Taki jijiyar ba wanda ya taɓa ta. Shekara arba'in da 'yan kai ina kira a kan dutsen nan ba mai amsawa, Salome. A samu wani ya amsa mini.

Remigi